Kafin A Jinginar Da Garka Saboda "Leza", Mu Tsaya Mu Yi Magana



Makonnin nan wani saƙon murya na ta yawo a guruf-guruf na WhatsApp, kuma da wuya a ce bai iso wayarku ba. Mai maganar yana da murya mai daɗi, ya iya sallama, ya iya addu'a. Cewa yake an samu na'urar leza a ƙasar waje: minti goma, ba yanka, ba jini, ba zafi, ka yar da madubin idonka har ƙarshen rayuwa. Wai tana maganin rashin hangen nesa, tana maganin yanar ido, har hawan jinin ido ma tana wanke shi. Kai dai turo kuɗin kafin alƙalami, shi zai ji da fasfo da biza da masauki. Masu saurare da dama sun turo mana saƙon suna tambaya. Wanda ya fi tayar mana da hankali wani dattijo ne daga wajen Dogarawa, da ya ce yana shirin jinginar da garkarsa ta albasa don ya kai ɗansa ɗan shekara 15 a yi masa aikin, "don yaron ga ya huta da gorin madubi".

Shi ya sa munka ɗauki alƙalami. Kuma bari mu faɗi matsayinmu tun daga farko, kada wani ya ce munka yi ta zagaye-zagaye. Aikin leza gaskiya ne, ilimi ne, yana yi. Amma yadda dillalai ke sayar mana da shi yaudara ce. Kuma abin da idanun yankin nan ke kuka da shi yau, awon ido ne da madubi mai kyau da aikin yana, a nan kusa da gida. Duk wanda ya zo yana nuna mana jirgin sama alhali ɗiyanmu ba su ganin rubutun tablo, to aljihunmu yake kallo.

Mu fara da ainihin abin, don yawancin masu turawa da masu karɓar saƙon nan ba su san mi ake yi wa idon ba.

A gaban ƙwayar ido akwai wata fata mai haske garau, kamar gilashin agogon hannu, wadda ta rufe baƙin ido. Likitoci na ce mata korne. Kaurinta rabin milimita ne ko ɗan sama da haka, kuma hawa-hawa take kamar ɓawon albasa. Ita ce ke yin mafi yawan aikin lanƙwasa haske don hoton abin da kake kallo ya sauka daidai a bangon bayan ido. Mai rashin hangen nesa, wanda ake rubuta masa miyopi a takardar likita, yawanci ƙwayar idonsa ce ta yi tsawo fiye da kima, sai hoton ya haɗu tun bai kai bango ba. Shi ya sa yana zura zare a allura lafiya lau, amma bai gane mai tahowa daga nesa sai ya ji muryarsa. Shi kuwa mai astigimatisim, gaban idon nasa ne bai yi zagayen ƙwallo ba, ya yi siffar ƙwai, gefe guda ya fi lanƙwasa. Haske sai ya rarrabu, harafi ya yi inuwa, fitilar mota da dare ta yi wutsiya, kai ya yi ta ciwo bayan karatu.

Madubi na gyara wannan daga waje. Leza kuwa sassaƙa ce. A aikin da ake kira LASIK, wanda ya fi suna, likita na ɗaga wani siririn ɓawo daga saman korne kamar marfin tukunya, na'urar ta ƙone wani ɗan kaso na naman da ke ƙasa gwargwadon lambar madubin mutum, sannan a mayar da marfin. Akwai PRK, wanda ba a ɗaga marfi, ana kankare saman ne kai tsaye, ya fi zafi kuma ya fi jinkirin warkewa. Akwai sabo, SMILE, da ake zaro ɗan nama ta ƙaramar kafa. An fara irin wannan aiki a idon mutane a ƙarshen shekarun 1980, wani likitan Girka mai suna Ioannis Pallikaris ya raɗa wa LASIK suna wajen 1990, hukumar magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da lezar PRK a 1995. Miliyoyin mutane sun yi, mafi yawansu sun ji daɗi. Zancen minti goma ma ba ƙarya ba ne ƙwarai, don ƙonawar kanta sau da yawa ba ta kai minti ɗaya.

To ina yaudarar take? Tana cikin abin da mai murya mai daɗi bai faɗa ba.

Ya ce ba yanka. Ɗaga marfi daga saman ido mi ne in ba yanka ba? Ko da wuƙa anka yi shi ko da haske, an raba nama da nama, kuma marfin nan ba ya komawa ƙarfinsa na asali. Naman da anka ƙone ba gashi ba ne, ba ya sake tsirowa. In madubi bai yi maka ba, ka cire ka sake wani. In sassaƙa ta wuce gona da iri, ba mai liƙa maka abin da anka cire.

Ya ce kowa na iyawa. Ba haka ba ne. Likitan kirki na korar mutane da yawa tun a wajen awo. Ba a yi wa wanda bai kai shekara 18 ba, kuma sai lambar madubinsa ta tsaya cak aƙalla shekara guda, don idon yaro girma yake. Ɗan dattijon Dogarawa ke nan ya fita layi tun kafin a sayi tikiti. Ba a yi wa mai ciki ko mai shayarwa, ba a yi wa mai ciwon suga da bai daidaita ba, ba a yi wa mai bushewar ido mai tsanani, ko wanda kornensa ya yi siriri, ko mai tabon hakiya da ƙyanda ko amodari sunka bari. Kuma ana gane waɗannan ne da na'urori masu zana taswirar gaban ido da auna kaurinsa. Wanda ya karɓi kuɗinka ta waya kafin wani likita ya leƙa idonka, a kan wane awo ya karɓa?

Akwai wani abu da ya shafe mu musamman, mu ƴan ƙasar ƙura. Kowa ya san yaran nan masu jajayen idanu ko masu launin ƙasa-ƙasa, kullum hannu a ido suna murza, musamman lokacin zafi da iska. Ƙaiƙayin nan na shekara da shekaru, tare da yawan murza, na iya raunana korne har ya yi siriri ya turo gaba kamar kan tulu. Yaron ya girma, ganinsa na raguwa, lambar madubinsa na canzawa kowace shekara, astigimatisim na ƙaruwa. Shi ne zai fi kowa gajiya da madubi, shi ne zai fi kowa kwaɗayin leza, kuma shi ne wanda LASIK ya fi yi wa haɗari. In anka sassaƙe bangon da dama can ya yi rauni, sai ya ƙara bultsowa, gani ya lalace, wani lokaci sai dai dashen korne. Dashen korne kuwa ba a Konni ba, ba a Tawa ba.

Ya ce ka yar da madubi har abada. Ku tambayi duk wanda ya haura shekara 40 yadda yake miƙa waya nesa da fuska kafin ya karanta saƙo. Wannan tsufan ido ne, yana zuwa wa kowa, kuma LASIK na hangen nesa ba ya hana shi. Abin ban dariya ma, mai miyopi da bai yi aiki ba sau da yawa yana cire madubinsa ya karanta Alƙur'ani ko ya yi ɗinki ba wahala har cikin tsufa. Wanda ya yi leza yana saurayi, in ya kai wannan shekarun, sai ya koma sayen madubin karatu. Sannan leza ba ta rage tsawon ƙwayar ido. Mai babbar lamba yana nan da haɗarinsa na ɓallewar bangon bayan ido da hawan jinin ido, ko ya yar da madubi ko bai yar ba. Ya ma fi zama cikin haɗari in ya ɗauka ya warke ya daina zuwa awo.

Ga kuma zancen bayan aiki, wanda mu a nan shi ya fi damunmu. FDA ta jagoranci wani bincike a kan waɗanda anka yi wa LASIK. Sama da kashi 95 cikin 100 sun ce sun gamsu, wannan mun faɗa don adalci. Amma cikin waɗanda ba su da wata matsalar gani kafin aiki, har kashi 46 cikin 100 sun ba da labarin sabuwar matsala bayan wata uku, kamar ganin da'ira a kewayen fitila ko walƙiya da dare. Har kashi 28 cikin 100 na waɗanda idonsu bai bushewa sun fara jin bushewa. Waɗanda abin ya hana su harkokinsu ba su kai ɗaya cikin ɗari ba. To waɗannan mutanen Amurka ne, masu ɗaki mai sanyi da mota mai gilashi, likitansu na bayan gida. Kai fa? Ana so a duba ka washegari, a sake dubawa bayan mako, bayan wata, bayan watanni. Ana so ka guji ƙura da hayaƙi da murza ido, ka yi ta ɗiga ruwan hawaye na kwalba watanni. Sai ka sauko daga jirgi a Yamai, ka shigo kar kilomita sama da 400, ka iso Konni cikin hunturu, ka hau kabu-kabu, iska na watsa maka rairayi. Uwargida ta koma bakin murhu da sussuka da shiƙa. Ranar da ido ya yi ja cikin dare, wa za ka kira? Dillalin? Lambarsa ta daina shiga.

Amma mafi muni a saƙon nan shi ne cewa leza na maganin duk ciwon ido. Nan ne za a makantar da tsofaffinmu. Kalmar "leza" ta zama kamar "ɗan Makka" a bakin ƴan talla, kome anka liƙa mata ya yi tsada. LASIK ba ya cire yana. Yana na can cikin ido, ƙwayar gani ce ta yi fari, kuma maganinta aiki ne da ake cire ta a sa ta roba, wanda yawanci da hannun likita ake yi ko da na'ura mai girgiza, ba da hasken leza ba. LASIK ba ya maganin hawan jinin ido, kuma ganin da wannan ciwo ya cinye ba ya dawowa da kowace irin na'ura a duniya. Gaskiya ne akwai wasu lezoji daban da likitocin ido ke amfani da su: wadda ake goge hazon da kan taso bayan aikin yana, wadda ake ƙona jijiyoyin da suga ya lalata a bayan ido, wadda ake rage matsin ido da ita. In ma za mu roƙi leza a jihar Tawa, waɗannan ya kamata mu roƙa, don su ke tare makanta, kuma masu suga kullum ƙaruwa suke a garuruwanmu. Amma sunan ne kawai ya haɗa su da wadda ake tallar nan.

Mu zo kan kuɗi. A Faransa aikin ido biyu na kamawa daga wajen Yuro 2,000 zuwa sama. A canjin da bai motsi, Yuro ɗaya sefa 656 ne, ke nan sama da miliyan ɗaya da jika 300, ban da jirgi, biza, masauki, ɗan rakiya da ladan dillali. Mafi ƙarancin albashi a Nijar jika 42 ne. Ku lissafa: albashin wata 31 ba ci ba sha. A Tunis ko Alƙahira ko Indiya ana samun ƙasa da haka, amma jirgin ba kyauta ba ne. Abin lura shi ne, asusun lafiya na gwamnatin Faransa ba ya biyan kuɗin wannan aiki, yana ɗaukarsa aikin jin daɗi. Na Ingila ma ba ya yi wa mutum don kawai ya gaji da madubi. Amma tun Janairun 2020 Faransa ta tsara yadda mai inshora zai samu madubi ba tare da ya cika ko sisi ba. Ƙasashen da ke da na'urar a kowane babban gari sun zaɓi su biya wa talakansu madubi. Mu da ba mu da ita, mu ne za mu sayar da garka mu bi ta?

Mun san abin da wasu za su rubuto a ƙasa. Za su ce, "Ku dai ba ku son ci gaba. Mutum da kuɗinsa, ina ruwanku?" Wallahi ba ruwanmu. Baligi mai hali, wanda lambarsa ta tsaya, ya je da ƙafarsa wajen likitan ido na gaskiya, anka yi masa cikakken awo, anka faɗa masa haɗari da amfani, kuma zai iya zama a can har a gama duba shi, Allah ya ba da sa'a. Akwai ma waɗanda sana'arsu ke wahala da madubi, mun sani. Faɗanmu da dillali ne mai karɓar kuɗi kafin awo, da kuma tunanin da ke tura mutane hannunsa.

Wannan tunanin kuwa namu ne, ba daga waje anka kawo shi ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Mu ne ke ce wa yaro mai madubi "ido huɗu". Mu ne ke cewa yarinya ta sa madubi don yanga, ko kuma a yi ta raɗa cewa tana da aibi, mai neman aure ya ja baya. Mu ne ke cewa madubi na cinye ido, in ka fara ba ka bari. Wannan magana ba ta da tushe. Madubi bai ƙara ciwo. Abin da ke faruwa shi ne wanda ya ɗanɗani gani garau ba ya yarda ya koma dishi-dishi, sannan lambar yaro na ƙaruwa ne don idonsa na girma, da madubi ko babu. Hana madubi ne ma ke da haɗari: ƙaramin yaron da ido guda ke gani dishi-dishi tun yana ƙarami, in ba a gyara ba kafin wajen shekara 7 ko 8, ƙwaƙwalwa na iya yin watsi da idon, ya zama ragon ido, kuma daga baya ko madubi ko leza ba su dawo da shi yadda ya kamata.

Muna da misali a gidanmu. Wata ɗiyar ƴar uwarmu ta maimaita aji sau biyu a firamare. An kira ta daƙiƙiya, ta sha bulala a lakkwal, ta sha a gida. A kilas ɗin da yara sunka cika maƙil, ita a baya take zama don tana da tsawo. Ba wanda ya taɓa tambayarta ko tana ganin tablo, ita kuma ta ɗauka kowa haka yake gani. Sai da wani mushe ya lura kullum littafin maƙwabciyarta take kwafa, ya matso da ita gaba, ya ce a kai ta awo. Ranar da anka sa mata madubi, tana fitowa ta tsaya tana kallon bishiyar dogon yaro, ta ce, "Inna, ashe ganyen ga ɗai-ɗai ake ganinsu?" Saura kaɗan da an cire ta daga karatu an yi mata aure. Su nawa ne irinta a Tsernawa, Bazaga, Alela, Gidan Idder, Tajaye da Badagishiri, waɗanda ba su samu mushe mai lura ba?

Da madubin ya karye kuwa, sai da anka yi wata biyu kafin a samu mai tafiya birni ya yanko wani. Nan ne laifin ya tashi daga kan iyaye ya koma kan tsari. Mutumin ƙauye da ke son awon ido na gaskiya da madubin da anka yanka daidai lambarsa, tafiya ce a gabansa: Tawa, ko asibitin ido na Makka a Maraɗi ko Yamai, ko ya tsallaka iyaka ya nufi Sakkwato, wasu har Kano asibitin ido na ECWA da ke aiki tun shekarun 1940. Kuɗin mota, kuɗin kwana, kwana biyu ko uku ba aiki. Wanda bai iya ba sai ya tsaya gaban mai tire ranar kasuwa, ya yi ta gwada madubai har ya samu wanda "ya ɗan fi". Ga dattijo mai neman na karatu kawai, wani lokaci a dace. Ga mai astigimatisim ba a dacewa, don nasa sai an yanka shi a kan kusurwar da ta dace da idonsa, kuma sau da yawa ido biyun ba lamba ɗaya ba ne.

A tiren nan dai ake sayar da ɗigon ido mai sa ja ya washe cikin kwana guda. Da yawansu akwai sinadarin kotizon a ciki, irin su desametazon. Uwa ta ga ya yi wa yaro mai ƙaiƙayi aiki, sai ta yi ta ɗiga masa wata da watanni. Sinadarin nan in ya daɗe yana tayar da matsin ido ya kashe jijiyar gani a ɓoye, yana kuma jawo yana tun da ƙuruciya. Ga masu yawo ƙauye-ƙauye suna soka tsinke su tura yanar tsoho cikin ido, ya ga haske na ƴan kwanaki, daga baya ido ya kumbura ya mutu. Mai tire, mai tsinke da mai saƙon murya duk kasuwa ɗaya suke ci: nisan da ke tsakaninmu da likitan ido. Bambancin kawai, na ukun ya fi su tsada kuma ya fi su iya magana.

Kada kuma a ce mana abin ya fi ƙarfin ƙasa. A Janairun 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da Nijar a matsayin ƙasa ta farko a Afirka da ta kawar da cutar makantar kogi. A yaƙi da amodari, shirin ƙasa na kula da lafiyar ido, PNSO, da abokan aikinsa sun horar da ma'aikatan jinya suna yi wa mutane aikin fatar ido a cibiyoyin lafiya na karkara, don gashin ido ya daina gogar ƙwaya. In ana iya koya wa majo ya riƙe wuƙa a fatar ido, awon gani da allon haruffa ne zai gagare shi? Ruwanda ta horar da ma'aikatan jinya a dukkan cibiyoyin lafiyarta sama da 500, suna auna gani, suna ba da madubin karatu, suna tura mai babbar matsala gaba. A yammacin Sin an gwada raba wa ƴan firamare madubi kyauta, sakamakon lissafinsu ya tashi. A Assam ta Indiya an ba masu tsinkar ganyen shayi madubin karatu, abin da suke tsinka a rana ya ƙaru da wajen kashi 22 cikin 100. Ku kwatanta da telolinmu, da masu gyaran waya da agogo, da mata masu tsintar tsakuwa a shinkafa, da malaman zaure da sunka rage karatun dare. A 2021 ƙasashen duniya, har da tamu, sun amince a babban taron lafiya cewa kafin 2030 za su ƙara yawan masu samun madubin da ya dace da maki 40 cikin 100, masu samun aikin yana mai kyau da maki 30. Shekara nawa ta rage?

Ragin rabin kuɗin magani da anka yi a asibitocin gwamnati tun Satumban 2024 ya taimaka, ba mu musu. Amma ragi ba ya haifar da mai awo a inda babu shi. Abin da muke nema daga hukumomin lafiya na Konni, Malbaza da Illela, da masu riƙe da kujerun magajin gari, bai kai kuɗin na'urar leza guda ba. A kowace shigowar lakkwal a auna ganin yara. Allon harafin E da igiyar awon tazara sun isa a fara, kuma mushe na iya koyon wannan cikin yini ɗaya. A kowane babban asibitin gunduma a samu ma'aikacin ido da ke zaune, mai ranakun awo sanannu da za a riƙa sanarwa a rediyo. A samu wurin yanka madubi guda ɗaya tak da zai wadatar da gundumomin uku, kada a riƙa jiran mai tafiya Yamai. A tura ƴaƴanmu su koyo, ga cibiyar IOTA a Bamako ta daɗe tana horar da ma'aikatan ido na yankin nan. Ayarin likitocin da kan zo aikin yana kyauta muna godiya, Allah ya saka, amma in sun tafi a san wanda zai duba tsofaffin bayan mako shida, a san inda za su samu madubi.

Attajiranmu na albasa da na sufuri, da ƙungiyoyin ƴan asalin yankin da ke waje, ku ma da ku muke. Yankin da ke da masana'antar siminti a Malbaza, da albasar da sunanta ya kai bakin teku, da asibitin Galmi da ke karɓar marasa lafiya daga ƙasashe maƙwabta tun 1950, bai kamata a ce yarinya ta yi wata biyu ba ta ganin tablo don ƙafar madubi ta karye ba. Kuɗin tafiyar mutum ɗaya aikin leza zai sa wa yara da yawa madubi.

Shi kuwa dattijon Dogarawa mun sake kiransa. Mun ce ya bar garkarsa, ya kai yaron wajen likitan ido a auna shi sosai, a duba musamman ko gaban idon bai fara turowa ba, tunda ya ce tun yana ƙarami yake murza ido. Mun ce in mai saƙon ya sake kira, ya tambaye shi sunan likitan da zai yi aikin da sunan asibitin, ya tambaye shi wane awo za a yi kafin a karɓi kuɗi, da wanda zai duba yaron bayan an dawo gida, da kuma abin da zai faru da kuɗin in likita ya ce idon bai dace ba. Ya ce ai ya riga ya tura jika 50 na "buɗe dosiye". Ya kira lambar sau uku jiya, ana ce masa a kashe take.

Duk wanda shi ma ya tura kuɗi ta wannan hanya, ya ajiye rasit ɗin da saƙonnin, kada ya goge, ya kai ƙara wurin ƴan sanda ko jandarmomi mafi kusa. Wanda kuma ya san ranakun da ake awon ido a asibitin gundumarsu, ya rubuto mana a ƙasa, za mu karanta a shirin safe don na ƙauye su ji.